Speak: Littafin Yarinyar Da Ta Haɗiye Maganarta Shekara Guda

Littafin ba shi da kauri. Shafukansa ba su cika 200 ba, babi-babinsa kuma gajeru ne, wani bai fi shafi ɗaya da rabi ba. Sunansa Speak, wato "yi magana". Wata Ba'amurkiya mai suna Laurie Halse Anderson ce ta rubuta shi, kamfanin Farrar, Straus and Giroux ya fara buga shi a 1999, kuma don matasa 'yan sakandare aka yi shi. Nawa kwafin a wurin masu baza littattafan gwanjo na same shi, bangonsa ya ɗan naɗe a gefe, da hatimin laburaren wata makarantar ƙasar waje a shafin farko.

Ni malamar Turanci ce a sakandaren 'yan mata. Iyaye da abokan aiki sukan tambaye ni wane littafi za su sa a hannun yarinya 'yar shekara 14 zuwa 17, ban da na jarrabawa. Wannan yana cikin waɗanda nake ambata, amma ba na ambatarsa haka kawai in wuce, domin a kan fyaɗe yake magana. Tun da iyaye da malamai nake yi wa wannan sharhin, zan faɗi har yadda labarin ya ƙare. Wanda ba ya son a warware masa labari ya je ya karanta tukuna.

Melinda Sordino ce ke ba da labarin da bakinta. Mun haɗu da ita ranar da ta shiga aji 9, shekarar farko ta babbar sakandare a tsarinsu, a wata makaranta da marubuciyar ta raɗa wa suna Merryweather, a garin Sirakus na jihar Niyok. Tun a motar makaranta babu wanda ya zauna kusa da ita. A ɗakin taro ta hango Rachel, aminiyarta tun suna ƙanana, sai Rachel ta juyo ta motsa leɓɓa ba sauti, ta gaya mata ta tsane ta. Laifin Melinda a wurin kowa shi ne, a ƙarshen dogon hutu an yi wani casu na 'yan makaranta a wata gona a bayan gari, ana shaye-shaye, sai ta ɗauki waya ta kira 'yan sanda. Taro ya watse, aka kama wasu, yayan wata yarinya ma ya rasa aikinsa saboda kamun. Ba wanda ya tambaye ta me ya sa ta kira. Ita ma ba ta faɗa ba.

Mai karatu shi ma ba a gaya masa nan take, sai an ci wajen kashi biyu cikin uku na littafin. Kafin nan, ko sunan yaron ba ta iya kira. In ta hango shi a barandar makaranta sai ta ambace shi da "abin nan", kamar ba ɗan Adam ba. Sunansa Andy Evans, ɗan ajin ƙarshe, kyakkyawa, 'yan mata na rububinsa. A daren ta sha giya, abin da ba ta saba ba, kanta ya yi nauyi, ta fita waje shan iska kusa da bishiyoyi. Ya biyo ta da daɗin baki, ya yabi kyanta, har ta ji daɗi a ranta cewa babban yaro ya kula ta. Daga nan ya kayar da ita, ya toshe mata baki da hannu. Shekarunta 13. Da ta buga wa 'yan sanda waya murya ta ƙi fita. Ta sulale ta taka da ƙafa har gida, ta tarar babu kowa.

Ga iyayen da tambayarsu ta farko ita ce ko akwai batsa a ciki: babu. Wurin 'yan layuka ne, kuma abin da ke cikinsu tsoro ne da ruɗewa da ciwo. Ba a siffanta jikin kowa ba, babu jimla ɗaya da aka rubuta don ta motsa sha'awa.

Darajar littafin tana cikin watanni taran da suka biyo bayan wannan dare. An raba shi zango huɗu, yadda shekarar karatunsu take, a ƙarshen zango sai a nuna mana katin sakamakonta, muna kallo maki yana zubewa, in ban da na darasin zane. Tana cizon leɓɓanta har su yi jini su yi ɓawo. Ta cire madubin ɗakinta ta tura shi cikin kabad, fuskarsa na kallon bango. Tana makara, tana tsallake darasi, barci ba ya isarta. A darasin kimiyyar halittu, da aka kwantar da kwaɗo rigingine aka baje ƙafafunsa aka kafe su da allura za a feɗe shi, sai ta yanke jiki ta faɗi. Ta gano wani tsohon ɗakin ajiyar masu shara da aka daina amfani da shi, mai warin tsumma, da wata tsohuwar kujera a ciki, ta share shi ta mai da shi maɓoyarta. Madubin da ke bangonsa ta rufe shi da hoton Maya Angelou, shahararriyar marubuciya Ba'amurkiya. Wanda ya san tarihin Angelou, wadda aka yi wa fyaɗe tana ƙarama har ta yi kusan shekara 5 ba ta magana, zai gane dalilin da ya sa hotonta aka zaɓa.

Mu da aka shigar cikin kan yarinyar muna jin nauyin kowane ɗaya daga cikin waɗannan. Manyan da ke kewaye da ita kuwa wani abu daban suke gani. Malamin tarihi tun ranar farko ya yanke cewa fitinanniya ce. Iyayenta sun ɗauka lalaci ne da neman a kula ta. Heather, sabuwar ɗaliba daga Ohayo, ita kaɗai ce ke zama da ita wurin cin abinci, ita ma daga baya ta ce ba ta taɓa ganin mai ƙuncin rai irinta ba, ta janye jiki don ta samu shiga wata ƙungiyar 'yan gayu. Akwai babin da aka kira taro a ofishin shugaban makaranta: ga shugaban, ga mai ba ɗalibai shawara, ga uba, ga uwa. Shugaban ya buɗe baki ya kira ta da sunan da ba nata ba, sai da aka gyara masa. Kowa ya yi magana, an yi faɗa, an ɗora wa juna laifi, an tsara hukunci. Yarinyar tana zaune a tsakiyarsu ba ta ce uffan ba, kuma cikin su huɗun babu wanda ya ce mata, "Wani ya yi miki wani abu ne?"

A wannan babin na fi daɗewa, don na san irin wannan ɗakin, na sha zama a cikinsa. Mu ma muna da sunayen da muke ba irin wannan yarinya. Mu ce miskila ce, mu ce zurfin ciki gare ta, mu ce taurin kai, mu ce ta fara jin kanta budurwa. In abin ya yi tsanani mu ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Kuma ta wani gefen namu ya fi na Melinda wuya. Ita a ƙasar da ake son yaro ya yi ta magana take, shi ya sa shirunta ya zama laifin da ya kai ta ofis. A wurinmu, yarinyar da ta sunkuyar da kai, ta daina fita, ta daina dariya, ta koma ƙuryar ɗaki, yabonta ake yi. A ce ta yi hankali, ta natsu, ga kunya. Da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba aka raine mu. Don haka yarinya za ta iya shekara guda tana ɗauke da irin wannan abu, ana sa mata albarka saboda shirun. Ba cewa nake duk mai shiru an yi mata wani abu ba, akwai waɗanda haka Allah ya yi su. Abin lura shi ne sauyi: mai surutu ta yi tsit, mai ƙoƙari ta fara faɗuwa, wadda ke murnar zuwa gidan wane ta fara kuka in an aike ta can. Littafin yana koya wa babba ya ga wannan sauyin, kuma saboda haka nake cewa uwa ta riga 'yarta karanta shi.

Iyayen Melinda ba mugaye ba ne, kuma na yaba wa marubuciyar da ba ta mai da su mugaye ba. Uwar manajar shagon tufafi ce a cikin gari, kullum a gajiye. Uban dillalin inshora ne. Yawancin maganar gidan ta 'yan takardu ake yi, a rubuta a ajiye a kicin. Ranar Kirsimeti suka ba ta kyautar littafin zane da fensiran gawayi, suka ce sun lura tana zane. Jin cewa sun lura da ita ya sa hawaye ya cika mata ido, maganar ta taso har maƙogwaro, saura ƙiris ta faɗa. Kafin ta haɗa kalmomin, sun tashi, kowa ya kama gabansa. Wani lokacin kuma ta karce wuyan hannunta da ɗan ƙarfen maƙale takarda, uwar ta gani da safe, ta ce ba ta da lokacin wannan, kashe kai aikin matsorata ne. Ya kamata iyaye su san akwai wannan wurin a littafin kafin su miƙa shi, musamman ga yarinyar da dama tana fama da damuwa.

Mutum ɗaya ne ya yi abin da ya dace, malamin zane, Mista Freeman. A ranar farko ya sa kowane ɗalibi ya zaro 'yar takarda daga cikin wani fasasshen ƙwallon taswirar duniya, abin da ka zaro shi za ka shekara kana zanawa. Melinda ta zaro "bishiya". Ta ɗauka abu ne mai sauƙi, sai ga shi duk bishiyar da ta zana ko ta sassaƙa matacciya take fitowa, wasu kamar tsawa ta faɗa musu. Bayan wani bikinsu da ake cin talotalo, ta kwaso ƙasusuwan ta kawo aji, ta harhaɗa su a kan katako, ta ɗora kan 'yar tsana a kai, ta liƙe bakin 'yar tsanar da salatif. Malamin ya tsaya ya duba, ya ce yana ganin ciwo a wurin. Bai matsa mata ba, bai kira taro ba, bai yi mata wa'azi ba. Ya dai sanar da ita cewa duk ranar da take son magana yana nan, kuma ƙofar ajinsa a buɗe take ko da lokacin cin abinci ne. Ya ɗauke shi shekara guda cur. Na ɗauki darasin koyarwa a wurin wannan malamin fiye da wanda na ɗauka a tarukan bita da yawa.

Abin da ya buɗe bakin Melinda ba tausayin kanta ba ne, tsoron abin da zai sami wata ne. Rachel ta fara soyayya da Andy. Melinda ta same ta a laburare, mai kula da wurin ta hana su surutu, sai suka koma rubuta wa juna a littafin rubutu suna tura wa juna. A nan, da biro, ta rubuta cewa ba don ta watsa casu ta kira 'yan sanda ba, fyaɗe aka yi mata. Rachel ta kaɗu, ta rubuta mata kalmomin tausayi, ta tambayi me ya hana ta faɗa, ta tambayi ko ta samu ciki ko wata cuta. Sai ta tambayi wane ne. Melinda ta rubuta sunan. Nan take Rachel ta miƙe ta ce ƙarya take, kishi ne, ta fice. A ganina babu wurin da ya kai wannan gaskiya a duk littafin. Mutane suna iya tausaya wa wadda aka zalunta matuƙar azzalumin ba shi da suna. Da zarar an ce wane ne, kuma wanen nasu ne, sai tausayin ya koma "ina shaidarki?" Duk wadda ta taɓa zama a sasanci irin na cikin dangi ta san wannan juyin fuskar.

Akwai kuma bangon banɗakin 'yan mata, inda Melinda ta rubuta sunansa a ƙarƙashin samarin da za a guje wa. Bayan ɗan lokaci wata ƙawarta, Ivy, ta ja hannunta ta kai ta ta gani: bangon ya cika da rubutu, hannu daban-daban, biro daban-daban, kowace tana faɗin abin da ya yi mata ko ya so yi. Littafin ya fito ne shekara 20 kafin Fabrairun 2019, lokacin da matan arewacin Najeriya suka fara ba da labaransu a Twitter a ƙarƙashin #ArewaMeToo. Abin da ya faru a can shi ne ya faru a nan: ɗaya ta fara, sai aka ga ashe da yawa kowace ta ɗauka ita kaɗai ce.

Yanzu maganar giya, don ita ce za ta fi tsaya wa mai karatu na wajenmu. Na kai wa yayata littafin, ina so 'yarta ta karanta. Da na ba ta labarin a taƙaice sai ta ajiye shi a kan tabarma.

"Ke yanzu wannan za ki ba 'yar taki? Yarinyar da ta fita casu da dare, ta sha giya? Ai ita ta kai kanta."

Na ce, "Yaya, na yarda fitar laifi ce, shan ma laifi ne, ba zan so 'yarmu ta yi ko ɗaya ba. Amma hukuncin wannan laifin fyaɗe ne? A wace shari'a?"

"Allah ya kyauta. Ni dai da ta zauna a gidansu."

"To waɗanda ake yi wa a cikin gidan fa, Yaya? Da wadda aka aika kai tuwo gidan maƙwabta? Da 'yar shekara shida? Wane casu suka je?"

Ba ta ba ni amsa ba, amma ba ta dawo mini da littafin ba. Ta ce bari ta fara dubawa kafin ta ba yarinyar. Da muka sake haɗuwa, maganar giya ba ta taso ba. Uwar Melinda ce ta tsaya mata a rai, da wurin kyautar littafin zanen nan, yadda suka tashi suka bar yarinyar da magana a baki.

Marubuciyar da gangan ta ƙi yin Melinda tsarkakakkiya wadda ba za a samu abin faɗa a kanta ba, kuma daidai ta yi. Ita kanta yarinyar wannan tambayar ce ke cin ta: tun da na sha, tun da na ji daɗin kulawarsa da farko, anya abin da ya faru sunansa fyaɗe? Sai da ta kwanta zazzaɓi a gida tana kallon talabijin, ta riya a ranta cewa masu gabatar da shirye-shiryen nan da ita suke magana, suna jera mata abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya: kin ƙi, ya toshe miki baki, shekarunki 13, ba laifinki ba ne. Yarinya mai karatu tana bukatar ta ji wannan a fili. A gefe guda kuma littafin bai ƙawata shaye-shaye ba ko kaɗan, wadda ta karanta ba za ta ƙare da sha'awar irin wannan casu ba.

Ina kwatanta shi da wani salo da nake yawan cin karo da shi a labaran Hausa da ake turawa ta WhatsApp da Wattpad, waɗanda ɗalibaina ke karantawa a wayoyin yayyensu. Ɗan masu kuɗi zai yi wa yarinya fyaɗe, cikin maye ko cikin fushi, manya su taru su rufa asiri su ɗaura musu aure, ya yi ta wulaƙanta ta, can ya yi nadama, labari ya ƙare da soyayya da tagwaye. Ba duka marubutanmu ke yin haka ba, akwai masu rubuta gaskiya da jarumta. Amma salon ya yi yawa, kuma abin da yake koya wa 'yar shekara 15 yana tayar mini da hankali, domin yana nuna mata cewa fyaɗe wata ƙofa ce ta shiga soyayya. A Speak babu wannan. Andy bai zama masoyi ba, ba a nema masa uzuri ba, kuma warkewar Melinda ba ta hannun wani namiji ta zo ba.

Littafin yana da nasa rauni, kuma babba yana ƙarshe. Bayan Rachel ta rabu da Andy a daren bikin 'yan ajin ƙarshe, ya gane daga ina maganar ta fito, ya ritsa Melinda a ɗakin ajiyar nan ya kulle ƙofa, ya sake kai mata hari. Wannan karon ta yi ihu, ta ce a'a, ta fasa madubin da ke bayan hoton, ta ɗora masa tsinin gilashi a wuya. 'Yan matan wata ƙungiyar wasanni suka ji, suka zo suka buga ƙofa, suka gani da idonsu. Kafin rana ta faɗi duk makaranta ta sani, waɗanda suka tsane ta suka koma jinjina mata. Ɗalibaina suna son wannan wurin, ni ma zuciyata ta yi sanyi da na karanta. Amma in an duba da kyau, an yarda da Melinda ne saboda ya sake gwadawa kuma an samu shaidu. Yawancin yara ba su samun wannan. Maganarsu ce kawai da tasa, kuma ya fi su baki, ya fi su mutane. Ina tsoron yarinya ta rufe littafin da tunanin cewa sai wadda ta yi kokawa ta yi nasara ce ta cancanci a yarda da ita. Wannan wuri ne da dole babba ya zauna ya tattauna da ita.

Haka kuma ba a nuna mana abin da ya biyo baya ba: asibiti, 'yan sanda, kotu, yadda iyayen suka ɗauki labarin. Littafin ya tsaya ne a ranar ƙarshe ta makaranta, ta gama bishiyarta mai rai duk da tabon da ke jikinta, ta fara ba Mista Freeman labari. Shi kansa Andy ba a ba shi zurfi ba, mugu ne tun daga bayyanarsa ta farko. Da an nuna shi yadda irinsu suke a zahiri, mai fara'a da gaishe da manya, wanda in an faɗi abin da ya yi kowa zai ce "wane? ba zai aikata ba", da gargaɗin ya fi amfani.

Sai wahalar da ta shafe mu mu kaɗai. Turancin kansa mai sauƙi ne, jimlolin gajeru, 'yar aji ɗaya na babbar sakandare mai matsakaicin ƙoƙari za ta iya bi. Abin da ke kawo cikas shi ne rayuwar makarantar Amurka: ƙungiyoyin ɗalibai da laƙabobinsu, tarukan zuga 'yan wasa, rigimar sauya tambarin makaranta da ake ta maimaitawa. Barkwancin Melinda, wanda shi ke sauƙaƙa nauyin labarin ga ɗan can, rabinsa yana wuce ɗalibaina. Tsakiyar littafin yana ɗan jan ƙafa. Akwai 'yan kalmomin ashar jefi-jefi. Kuma duniyar Melinda babu kaka, babu gwaggo, babu maƙwabciya, babu addu'a. Yarinyarmu za ta ji wannan giɓin, domin ita cikin mutane take, kuma mutanen nan su ne za su iya zame mata mafaka, su ne kuma za su iya cewa "a rufa asiri, wa zai aure ta in aka ji?"

Anderson ta san abin da take rubutawa. Ita ma an yi mata fyaɗe tana da shekara 13, ta yi fiye da shekara 20 ba ta gaya wa kowa ba, kuma ta ba da labarin kanta a littafin waƙoƙinta mai suna Shout a 2019. Wani abu da ta sha faɗa ya tsaya mini: a makarantun da take ziyarta, samari sukan tambaye ta da gaske, ba da izgili ba, wai me ya sa Melinda ta damu haka, abin da bai ɗauki lokaci ba. Wannan tambayar ta isa hujjar a ba yara maza littafin. Muna ta gargaɗin 'yan mata, ki rufe jikinki, kar ki fita, kar ki tsaya da kowa, amma da wuya a zaunar da ɗa namiji a gaya masa abin da wannan aika-aika ke yi wa rayuwar mutum. Littafin zai zaunar da shi cikin kan yarinyar har shafi kusan 200.

A can Amurka ma bai tsira daga masu son a ɓoye maganar ba. Ya kai zagayen ƙarshe na babbar kyautar littattafai ta ƙasar a 1999, ya samu lambar yabo ta Printz, wadda ake ba littattafan matasa, a 2000, marubuciyar kuma ta karɓi kyautar tunawa da Astrid Lindgren ta ƙasar Suwidin, ta adabin yara da matasa, a 2023. Duk da haka a 2010 wani malamin jami'a a jihar Misuri ya rubuta a jarida cewa batsa ne, a cire shi daga makarantu. Hukumar makarantun yankin ta duba, ta bar shi. A 2020 ya zo na 4 a jerin littattafan da aka fi kai ƙorafi a kansu, wanda ƙungiyar laburarorin Amurka ke fitarwa duk shekara. Wanda ya karanta wurin da aka zalunci 'yar shekara 13 ya kira shi batsa, ban san me ya karanta ba.

Game da wanda za a saya: in an samu bugun cika shekara 10 ko na cika shekara 20, sun fi, don akwai ƙarin bayani daga marubuciyar da wata waƙa da ta harhaɗa daga wasiƙun masu karatu da suka rubuto mata nasu labarin. Akwai kuma na zane-zane da ya fito a 2018, Emily Carroll ta zana shi da baƙi da fari. Ya fi tsada, ya fi kauri, amma ga yarinyar da Turanci ke ba wuya shi na fi so, domin fuskar Melinda da inuwar da ke binta suna faɗin abin da kalmomi za su ɓoye mata. Fim ɗin 2004, wanda Kristen Stewart ta fito a matsayin Melinda, ya sauya wasu abubuwa, ciki har da cewa uwarta ta gaya wa a ƙarshe. Ban ba da shawarar a fara da shi ba, abin da littafi ya wuce a layi biyu kyamara tana tsayawa a kansa.

Ba zan ba 'yar ƙasa da shekara 13 ba. Daga 14 zuwa sama zan ba, mace ko namiji, bisa sharaɗin babba ya riga ya karanta kuma yana kusa. Kada a miƙa shi da tuhuma, irin "karanta ki ga abin da yawo ke jawowa". A ce mata kawai, "Na karanta wannan, ya taɓa ni, in kin gama mu yi hira." Wadda kuma aka san abin ya taɓa faruwa da ita, kada a tilasta mata, a bar shi inda za ta gani, ta ɗauka in ta shirya.

Sababbin bugun suna da lambobin neman taimako a baya, amma duk na Amurka ne, ba za su yi mana aiki ba. A cikin bangon kwafin da nake ba ɗalibai aro na rubuta namu da biro. In abin sabo ne, a kai yarinya asibiti kafin awa 72 su cika, don a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki, kuma in zai yiwu kada ta yi wanka, kada a wanke kayan da ke jikinta, saboda shaida. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala. A jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama a Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan. A Sakkwato akwai cibiyar Nana Khadija. Kyauta ake duba wadda ta je, kuma ko abin ya daɗe da faruwa za ta iya zuwa, akwai masu ba da shawara da za su zauna da ita da mahaifiyarta.